Lambu a Tsakiyar Birni: Sana'ar da Ake Koyo Kafin a Zuba Mata Jari

(Taken shiri. A rage sauti a hankali.)

 Yau maganar noma za mu yi, amma ba noman da sai an ɗauki fartanya an nufi ƙauye ba. Noman cikin gari muke nufi, wanda ake yi a bayan gida, a kangon fili, a bakin rafi, har ma a cikin buhuna. Shirin na yau na matasa ne, maza da mata, musamman masu tunanin mayar da wannan abu sana'ar da za su ci abinci da ita. Iyaye ma ku matso kusa, domin sau da yawa daga aljihunku jarin yake fitowa.

A 'yan shekarun nan wayoyinmu sun cika da hotunan tumatir jajawur a cikin bokiti, da salak shar-shar a kan bene, ana ta cewa wai sabon salo ne ya zo mana daga waje. To, a Kano dai ba sabon abu ba ne. Tun kafin a haifi kakanninmu akwai 'yan lambu a bakin Jakara, suna ɗebo ruwa da jigo suna ba albasa da alayyafo. Kuma tun da can akwai wata ma'amala tsakanin birni da karkarar da ke kewaye da shi: da rani jakuna su shigo gari da itace da amfanin gona, su fita da mangala cike da toka da shara da kashin dabbobi, a kai gona a zuba. Wani masanin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, ya shafe shekaru yana nazarin wannan yanki, ya kuma nuna cewa wannan takin na daga cikin dalilan da suka sa ake noma gonakin kewayen Kano shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba, amma ba su mutu ba. Abin da masu ilmin zamani ke kira noma mai ɗorewa ke nan: ka ci amfanin ƙasa bana, ka bar ta da ƙarfin da za ta ba ka baɗi. A Yamai ma haka abin yake, duk wanda ya bi gaɓar kogin Kwara zai ga lambuna jere.

Abin da ya sauya shi ne garin kansa. Mutane sun yi yawa, fili ya yi tsada, ruwan rafi ya gurɓace, sharar ma ta cika da leda. Shi ya sa wanda zai shiga sana'ar yau yana bukatar karatun da kakansa bai bukata ba.

Bari mu fara daga inda yawancin masu farawa ba sa farawa, wato kasuwa. Matashi yakan sayo iri tukuna, ya shuka, abu ya yi kyau, sannan ya fara tambayar wa zai saya. Ganye kuwa ba ya jiran ka gama tambaya. Alayyafon da ka yanka da asuba, in ya kai la'asar a rana ya zama abincin awaki. Saboda haka darasin farko ba a gona ake ɗaukarsa ba. Ka tashi bayan sallar asuba ka je kasuwar 'Yankaba, ko duk inda ake sauke kayan gwari a garinku, ka tsaya ka yi kallo. Me ake saukewa? Daga ina ya zo? Nawa dillali ya saya, nawa mai tebur ya sayar? Me ke ƙarewa da wuri, me ke kwantai? Ka yi haka na wasu makonni da ɗan littafi a hannu. Daga nan ka zaga unguwarku: mai shayi da ke soya ƙwai yana bukatar albasa da attaruhu kullum, mai tsire yana bukatar kabeji da tumatir da kokwamba, masu tuwo-tuwo suna bukatar ganyen miya, masu kwaɗon zogale da rama suna nan a kowane lungu. Waɗannan su ne kasuwarka, kuma ba sai ka biya kuɗin mota kafin ka kai musu ba.

A nan ne ribar noman birni take, a kusanci. Ba za ka iya gogayya da manomin ƙauye a gero ko masara ba, shi yana da eka biyar, kai kana da bayan ɗaki. Ba kuma za ka iya gogayya da manoman Kadawa da Kura a tumatir lokacin da kakarsa ta faɗo ba. Su suna shan ruwan madatsar Tiga, suna loda motoci a Kwanar Gafan, a watan Fabrairu kwando yakan yi arhar da har manomi ya rasa kuɗin kwandon kansa. Kai abin da kake da shi shi ne ɗanyen kaya, sabon yanka, a ƙofar mai saye. Don haka ka nemi abin da ke saurin nuna, mai saurin lalacewa a hanya: alayyafo, wanda cikin wata guda zuwa makonni biyar ka fara yanka, salak, lawashi, yakuwa, lalo, na'ana'a, zogale, wanda in ka iya sassabe shi zai yi ta ba ka ganye ba tare da ka sake shuka ba. In kuma tumatir ɗin kake so, to ka auna shi ya nuna lokacin da na fadama ya ƙare, daga ƙarshen bazara zuwa cikin damina, lokacin da uwar gida ke ƙirga shi ɗaya-ɗaya. Sai dai ka sani a lokacin ne ya fi wuyar nomawa, domin tsananin zafi yana kakkaɓe masa fure, damina kuma tana kawo masa cuta. Tsadarsa ba banza ba.

Akwai kuma lissafin azumi. Kowa ya san yadda salak da kabeji da karas ke tafiya a watan Ramadan. Amma azumi yana matsowa gaba da kimanin kwana 11 kowace shekara, salak kuwa ɗan hunturu ne, in zafi ya yi yawa sai ya yi tsiri ya yi ɗaci. Mai lambun da ya san aikinsa yakan ɗauki kalanda ya ƙirga baya daga ranar da ake sa ran ganin wata, ya san ranar da zai zuba iri a gadon reno, ya kuma san ko shekarar tana bukatar ya yi wa shukar rumfa.

(Gajeren kiɗa.)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan koyon noman cikin gari a matsayin sana'a. Yanzu sai ruwa, kuma a nan zan ɗan daɗe, don a nan ne jarin mutane da yawa yake nutsewa.

A watannin Maris da Afrilu, a irin yanayinmu, kowane murabba'in mita ɗaya na lambu yana iya shan lita 6 zuwa 8 a rana. Ɗauki ɗan fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10. Kana maganar lita 600 zuwa 800 ke nan kullum, wato wajen jarka 28 mai cin lita 25. Yanzu ka tambayi mai kurar ruwa na unguwarku nawa yake sayar da jarka, ka ninka sau 28, ka sake ninkawa sau 30. Abin da ya fito shi ne kuɗin ruwanka na wata. Ka ajiye shi kusa da kuɗin alayyafon da filin zai ba ka. Ina tabbatar maka lissafin zai sa ka zauna. Wanda zai sayi ruwan jarka ya yi lambun sayarwa, mai garuwa yake yi wa aiki. Saboda haka kafin ka karɓi fili, ka fara tambayar ina rijiya, ina burtsatse, kuma shin suna kai wa ƙarshen bazara ko suna ƙafewa.

Akwai dabarun rage shan ruwa, kuma suna cikin abin da ya kamata a koya. Rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa yana hana rana tsotse danshi. Ban ruwa da sassafe ko da yamma ya fi na tsakar rana. Ƙasar da ta sha takin gargajiya ta fi riƙe ruwa. Akwai kuma ban ruwa na ɗigo, inda ake ɗora bokiti ko duro a bisa, a ja siririn tiyo mai huji-huji a bi layin shuka, ruwa ya riƙa ɗiga a gindin kowace. Yana rage ɓarna sosai, sai dai yana son tacewa, in ba haka ba laka ta toshe hujin.

To, ga tambayar da na san wasu na yi a zuci: ai ga ruwan kwata nan kyauta, har ma ganye ya fi yin kore da shi. Gaskiya ne yana yin kore, domin ruwan yana ɗauke da abincin shuka. Amma yana ɗauke da wasu abubuwan. Ruwan da ya fito daga gidaje yana da ƙwayoyin cutar gudawa da taifot da ƙwan tsutsar ciki, salak kuwa ɗanye ake cinsa. Ruwan da ya fito daga masana'antu ya fi wannan muni. Rafin Getsi yana kwaso ruwan masana'antun Bompai ya haɗe da Jakara, haka kuma yankunan Sharaɗa da Challawa suna da kamfanonin jima. Masu bincike a jami'o'inmu sun sha auna ruwa da ƙasa da ganyen irin waɗannan wurare, suna samun ƙarafa masu guba irin su kuromiyam da dalma. Ƙwayar cuta ana iya rage ta da wanki da dafuwa. Ƙarfen da ya shiga cikin jikin ganye kuwa ba ya fita da wanki, ba ya fita da tafasa, kuma a hankali yake taruwa a jikin mai ci.

Ba ina zargin bayin Allah da ke noma a waɗannan wurare ba ne. Da yawansu sun gaji wurin ne tun ruwan yana da tsabta, ba su suka ɓata shi ba, kuma da shi suke ciyar da iyali. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojin da ta fitar a 2006, ba ta tsaya ga cewa a daina kawai ba, ta kawo matakan rage haɗari: a bar ruwa ya kwanta a rami kafin a ɗiba, a zuba shi a gindi kada a watsa a kan ganye, a tsayar da ban ruwan kwanaki kaɗan kafin girbi, a wanke kaya da ruwa mai tsabta. Amma kai da za ka fara yau, kana da zaɓin da su ba su samu ba. A ganina, matashin da zai iya cewa mai saye "zo ka ga rijiyar da nake ban ruwa da ita" ya riga ya sami abin tallar da ya fi kowane allo.

Maganar fili gajeriya ce amma tana da ɗaci. Yawancin filayen da ake lambu a cikin gari na aro ne. Mai fuloti ya ba ka ka riƙa shuka don kada a mayar masa da wurin juji, ka kwashe shekara biyu kana gyara ƙasa, ran nan sai ka wayi gari tifa ta sauke yashi. Ba shi da laifi, filinsa ne. Abin da za ka yi shi ne ku yi magana a gaban shaidu, mai unguwa ya sani, a rubuta cewa zai ba ka sanarwar wata biyu ko uku don ka kwashe amfaninka. Kada kuma ka kafa abin da ba za ka iya ɗauka ba a filin da ba naka ba.

Wannan ne ya sa noman buhu yake da farin jini. A unguwar Kibera ta birnin Nairobi, inda gidaje suka cushe babu masaka tsinke, mata sun daɗe suna noma ganye a buhuna. Ana haɗa ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a tsayar da ginshiƙin tsakuwa a tsakiyar buhun don ruwa ya sauka har ƙasa, a huda gefe-gefe a dasa, a dasa a sama. Ga matan da ke cikin gida wannan hanya ce mai kyau, buhu goma a jikin katanga sun isa miya har a sayar wa maƙwabta. Amma kada a ruɗe ku da cewa buhu ashirin za su biya kuɗin haya da na makaranta. Kuma masu son ɗorawa a kan rufin bene, jiƙaƙƙen buhu yana da nauyi ƙwarai, a tambayi magini kafin a jera.

(Gajeren kiɗa.)

Sai taki da magani. Birni yana zubar da abin da lambu ke nema: ɓawon kayan miya a kasuwa, kashin kaji a gidajen kaji, kashin tumaki a turke, toka a gidan burodi. In ka tara su, ka jera busasshe da ɗanye, ka yayyafa ruwa, kana juyawa duk bayan mako biyu, cikin wata biyu zuwa uku za ka sami baƙin taki mai ƙamshin ƙasa. Kada ka zuba ɗanyen kashin kaji a gindin shuka, ƙone ta zai yi. Kada kuma ka kwaso sharar bola kai tsaye kamar yadda ake yi a da, domin bolar yau akwai batir da allura da fasassun kwalabe. Ƙasar Kuba ta nuna iyakar abin da wannan hanya za ta iya. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, takin zamani da man fetur suka yanke musu, sai mutanen birnin Habana suka mayar da kangaye gadajen lambu da takin gargajiya, har ganyen da birnin ke ci ya zama da yawansa a cikinsa ake nomawa. Sai dai su gwamnati ce ta ba su filin da malaman gona, wanda kuwa zai fara a nan, shi zai nema da ƙafarsa.

Game da ƙwari, manoman tumatir ba za su manta 2016 ba, shekarar da tsutsar nan da suke kira sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Mutane suka yi ta feshi, tsutsar tana cikin ganye ba ta ko ji ba. Darasin shi ne a san ƙwaron kafin a sayi maganin. A ƙaramin lambu, zagawa kullum da safe kana duba bayan ganye, da cire wanda ya kamu, da sauya abin da kake shukawa a gado ɗaya, da feshin jiƙon 'ya'yan darbejiya, suna rage aiki da yawa. In dole sai maganin kanti, to a jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira kafin girbi. A karanta, ko a sami mai karantawa. Wanda ya fesa yau ya yanka gobe ya kai wa mai tsire, ya ci amanar mutanen da ba su san shi ba.

In kaya ya yi kwantai fa? Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa mai iska. Tumatir da tattasai sukan ƙara kwanaki a ciki ba wutar lantarki. Dabarar ta sa ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Zogale da yakuwa kuwa a shanya su a inuwa, su zama kayan sayarwa na wani lokacin.

To, a ina ake koyon duk wannan? Ga mai son takarda, akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, akwai Kwalejin Aikin Gona ta Samaru a Zariya, akwai tsangayar aikin gona a Jami'ar Bayero da cibiyarta ta nazarin noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Ga wanda ba shi da halin zaman aji, akwai malaman gona na KNARDA a Kano da takwarorinsu a sauran jihohi, kuma cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello tana wallafa ƙananan littattafan koyar da noma. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da makarantar IPDR a Kollo, da cibiyar bincike ta INRAN, da kuma RECA, wadda ke ba manoma shawara ta waya da Hausa da Zabarmanci.

Amma shawarata, ko kana da digiri, ka nemi tsohon ɗan lambu ka yi masa yaranta na rani guda. Ka je da ladabi, ka ce, "Baba, na zo ne in koya," ka ɗauki garwar ban ruwa ba tare da an ce ka ɗauka ba. Da ɗan gari akan ci gari. Shi zai nuna maka yadda ake gane shukar da ke jin ƙishi da wadda ruwa ya yi wa yawa, ga su duk sun yi laushi iri ɗaya. Shi ya san dillalin da ke biya da wanda sai an bi shi. Makaranta kuma za ta ba ka abin da Baba ba shi da shi: sunan cutar, awon maganin, dalilin da ya sa ƙasa ke yin gishiri, da yadda ake rubuta lissafi.

Lissafin nan kuwa shi ne inda na ga an fi sakaci. Ka sami littafi ka raba shafi biyu, abin da ya fita da abin da ya shigo. Ka rubuta iri, taki, mai na injin ban ruwa, kuɗin Keke Napep, har da ladan kanka, domin in ba ka sa wa guminka kuɗi ba za ka ɗauka kana cin riba alhali kyauta kake aiki. Ganyen da aka ɗiba aka yi miyar gida ma a rubuta shi. Ka fara da gado huɗu ko biyar, ka rarraba shukar mako-mako yadda kowane mako kana da abin yanka, domin mai abincin da ka saba wa ba za ta jira ka wata guda ba, wani za ta kama. Sai ka yi zagaye biyu ko uku littafin ya nuna maka riba, sannan ka yi tunanin ƙara fili, ko haɗawa da kiwon tarwaɗa don ka riƙa ban ruwa da ruwan da ka sauya musu. Bashi kuwa, ko na banki ko na ɗan'uwa, a bari sai littafin ya yi magana tukuna.

Lokaci ya yi mana halinsa. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga maganar kiwon tarwaɗa a cikin gida: nawa abinci ke ci daga jarin, da yadda ake gane 'ya'yan kifi masu kyau kafin a saya. Kafin nan, duk mai niyyar farawa ya je ya tambayo kuɗin jarkar ruwa a unguwarsu, ya yi lissafin nan da muka yi, ya aiko mana da abin da ya samu.  

(Taken rufe shiri.)